Bob Kaufman, mawaƙin titin San Francisco: gwani ne ko mara lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin adabi. A darasin waƙoƙin Amurka na ƙarni na 20 malaminmu ya ambaci wani Bob Kaufman, ya ce mawaƙin titi ne, ba ya rubuta waƙoƙinsa, kuma ya yi shekara goma bai yi magana ba. Wane ne shi? In ba ya rubutawa, ina aka samo littattafansa? Kuma don Allah a gaya mini gaskiya, gwanin waƙa ne, ko dai mai taɓin hankali ne Turawa suka yi wa ado?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tunda ka yi tambayar ba kwana-kwana, ni ma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Gwani ne. Rashin lafiyar da kake zargi ta same shi da gaske, amma daga baya ta zo, kuma an san hanyar da ta biyo. Yawancin waƙoƙin da suka ɗaga sunansa ya yi su ne kafin ƙarshen 1963, shekarar da aka kwantar da shi a asibiti a New York aka jona masa wutar lantarki a ka. Duk wanda ya cakuɗa gwanintar da cutar ya ce abu ɗaya ne, ya zalunce shi ta fuska biyu: ya raina aikin da mutumin ya sha wahala kafin ya iya, ya kuma wanke waɗanda suka nakasa shi.

An haifi Robert Garnell Kaufman ranar 18 ga Afrilu, 1925, a New Orleans, birnin da kiɗan jaz ya tsiro, cikin gida mai 'ya'ya goma sha uku. Labarin da ya daɗe yana yawo a kansa shi ne wai mahaifinsa Bayahude ne ɗan asalin Jamus, mahaifiyarsa baƙar fata daga tsibirin Martinik, wai ya gudu ya shiga jirgin ruwa yana ɗan shekara 13, ya zagaya duniya sau tara, jirgi ya nutse da shi sau huɗu. Shi kansa yana da hannu wajen ƙara wa labarin gishiri. Da manazarta irin su Maria Damon suka bi diddigi, har suka ji daga bakin danginsa, sai aka ga wani abu daban. Gidansu gidan baƙaƙen fata ne 'yan ɗariƙar Katolika masu rufin asiri. Mahaifin yana aiki a taragon kwana na jirgin ƙasa, aikin da a wancan zamani yake cikin mafi daraja da baƙar fata ke iya samu, kuma ma'aikatansa ne suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu ƙarƙashin A. Philip Randolph a shekarar da aka haifi Bob. Mahaifiyar malamar makaranta ce mai son littafi, ta tashi 'ya'yanta a kan karatu. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen amsarka. Yaron da daga baya zai tsaya bakin titi yana zuba baitoci daga ka, a gaban kantar littattafai ya girma.

Jirgin ruwan kuwa ya shige shi, amma yana da kimanin shekara 18, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke farautar jiragen dakon kayan Amurka. Matuƙi yana da dogon lokaci a teku, Kaufman kuma ya kashe nasa a karatu da hadda. A nan ne ya shiga ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ta NMU, wadda aka kafa a 1937, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyoyin da ba sa ware baƙi da fari a lokacin, har sakatarenta, Ferdinand Smith, baƙar fata ne ɗan Jamaika. Kaufman ya zama ɗaya daga cikin masu bakin ƙungiyar, masu tsayawa a tashar jiragen ruwa da kan kwanar titi su yi wa ma'aikata jawabi. Wato tun kafin ya fara waƙa a titi ya riga ya koyi yadda ake tsayar da mai wucewa da murya kawai, ba lasifika, ba kujera, ba gayyata. Bayan yaƙi sai guguwar farautar 'yan gurguzu ta taso. Shugaban ƙungiyar, Joseph Curran, ya kori masu ra'ayin sauyi, gwamnati kuma daga 1950 ta fara tantance matuƙa tana hana waɗanda take zargi takardar aiki. Guguwar ta ci Kaufman, teku ta rufe masa ƙofa.

A wajen 1958 ya kafa sansani a North Beach, tsohuwar unguwar Italiyawa a San Francisco, inda haya ke da araha kuma marubuta da masu zane da mabusa suka taru. Unguwar tana kan ganiyarta. Lawrence Ferlinghetti ya buɗe kantin littattafai na City Lights tun 1953. Allen Ginsberg ya karanta doguwar waƙarsa Howl a bainar jama'a a Oktoban 1955, aka gurfanar da Ferlinghetti a kotu saboda buga ta, alƙali ya wanke shi a 1957, shekarar da littafin Jack Kerouac On the Road ya fito. Waɗannan su ne ake kira marubutan Beat. 'Yan jarida da 'yan yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa unguwar don kallonsu. A Mayun 1959 Kaufman da Ginsberg da John Kelly da William Margolis suka fara fitar da mujallar Beatitude, wadda ake gurzawa da injin gurza takarda a sayar hannu da hannu, don mawaƙan da manyan mujallu ba sa kulawa.

To, me yake yi a titin? Waɗanda suka zauna unguwar a lokacin bakinsu ya zo ɗaya. Zai shigo shagon Co-Existence Bagel Shop da ke mahaɗar titin Grant da Green, ya haye tebur ya fara. Zai fita waje, in motoci sun tsaya, ya cusa kai ta tagar wata ya zuba wa direba baitoci. Wani lokaci saman mota yake hawa. Abin da yake zubawar shi ne wurin lura. Ya haddace T. S. Eliot, ya haddace Hart Crane da Langston Hughes, ya haddace Federico García Lorca na Sifaniya. Sai ya ɗauko ɗangon ɗayansu, ya saƙa nasa a ciki, ya koma na wani, ya sake dawowa nasa, har mai saurare ya kasa gane inda na wancan ya ƙare, nasa ya fara. Wannan ba aikin wanda hankalinsa ya gushe ba ne. Sai wanda ya san kowace waƙa ciki da bai, ya san nauyin kowane layi, zai iya ɗinke su haka yana tsaye, ga hayaniyar mashaya, ga masu yi masa ihu.

Dabarar daga jaz ya ɗauko ta, musamman salon bibop na Charlie Parker, mabushin saksofon da ya mutu a 1955 yana da shekara 34. A wannan salo mabushi kan ɗauko sanannen take ya busa sau ɗaya don kowa ya gane shi, sannan ya saki hanya ya yi ta ƙirƙira a kan gindin kiɗan, can ya dawo gida. Wanda bai sani ba sai ya ce busa ce kawai ta ga-dama. Amma Parker da bakinsa ya faɗa a wata hira cewa ya yi shekaru yana gwajin busa awa 11 zuwa 15 a rana. Kaufman ya so ya yi da kalmomi abin da Parker ya yi da ƙaho, kuma son da yake masa ya kai ya raɗa wa ɗansa, wanda aka haifa a 1959, suna Parker.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mun san makaɗin da bai taɓa riƙe alƙalami ba, ya tsaya gaban jama'a ya ƙulla waƙa nan take, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba gwani ba ne don bai rubuta ba. Inda suka rabu da Kaufman shi ne makaɗinmu yana da ubangida, yana da 'yan amshi, yana da al'ummar da ta san matsayinsa ta kuma tanadar masa kyauta. Kaufman ba ya wasa kowa, ba ya yi wa kowa kirari, abin da ke fitowa daga bakinsa ya fi kusa da zambo ga masu mulki da masu bom, kuma yana yin sa ne a ƙasar da ba ta ɗaukar mutum mawaƙi sai ta ga sunansa a bangon littafi.

Ladan da ya fi samu ankwa ce. 'Yan sandan unguwar sun sa masa ƙahon zuƙa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Baƙar fata ne, bakinsa ba ya shiru, sannan a 1958 ya auri farar mace, Eileen Singe. Kotun ƙolin Kaliforniya ta soke dokar hana auren baƙi da fari tun 1948, amma sai 1967 aka soke irinta a faɗin ƙasar, kuma soke doka a takarda ba ya goge ta daga zuciyar ɗan sandan da ke sintiri. Masu ba da tarihinsa sun ƙidaya kamu sama da 30 a shekarar 1959 kaɗai, galibi da sunan tada hankalin jama'a, kuma sau da yawa da duka a ciki. Abin ya zama jiki har shagunan unguwar suka ajiye gwangwani ana jefa kuɗin belinsa. Ba ina ce maka waliyyi ba ne. Yana shan giya, yana tsokana, wani kamun shi ya jawo wa kansa. Amma fararen da suka yi abin da ya yi a titi ɗaya ba su sha abin da ya sha ba.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, ina aka samo littattafan? A nan zan ɗan gyara maganar malaminku, tare da girmamawa. Rubutu yana yi, adanawa ce ba ya yi. Yakan rubuta a takardar goge baki ta gidan abinci, a jakar takarda, a bayan kwalin ashana, ya tashi ya bar su a wurin. Wasu kuwa da baki kawai ya faɗe su. Eileen ce ta ɗauki wannan a matsayin aikinta. Ta bi shi da biro da takarda tana rubuta abin da yake faɗa, ta tsince guntayen da yake zubarwa, ta kwafo daga kaset, ta buga a tafireta. City Lights ta fitar da ayyukansa uku a matsayin dogayen fallaye masu naɗewa: Abomunist Manifesto da Second April a 1959, da Does the Secret Mind Whisper? a 1960. Littafinsa na farko, Solitudes Crowded with Loneliness, wato kaɗaici mai cunkushe da kewa, kamfanin New Directions na New York ne ya buga shi a 1965, daga abin da Eileen ta tattara. Na biyu, Golden Sardine, ya fito a 1967 cikin jerin ƙananan littattafan aljihu na City Lights, jerin da Howl ta fito a ciki. Duba shekarun nan da kyau. Duka biyun sun fito ne yana tsakiyar shirunsa. Bai nemi mawallafi ba, bai yi yawon tallar littafi ba. Ina ganin duk wanda zai yi nazarin Kaufman bai ambaci Eileen ba, ya ci amanar tarihi, don ba don ita ba da yau sai dai a ce an taɓa yin wani mutum mai baki a North Beach.

Su waƙoƙin fa, me ke cikinsu? Abomunist Manifesto izgili ne mai kaifi. Ya ƙirƙiro wata aƙidar ƙarya, ya yi mata kundin manufofi da alkawuran zaɓe da labaran rediyo, yana kwaikwayon bakin 'yan siyasa da na masu farautar 'yan gurguzu gaba ɗaya. Mutane sun yi dariya, amma ka tuna wanda ya rubuta ta an raba shi da sana'arsa ne saboda zargin aƙida, don haka dariyar tana da ɗaci. Waƙoƙinsa na jaz, irin su Walking Parker Home da War Memoir, ba yabon mabusa ne kawai ba. A ta biyun yana tuhumar mutanen da kisa ya ɗauke wa hankali har ba su da lokacin sauraren busa. Akwai Crootey Songo, wadda kusan duka sautuka ne marasa ma'ana a ƙamus, kwaikwayon yadda mawaƙan jaz ke mai da murya ƙaho. A takarda kamar shirme, a baki kuwa kiɗa ne tsantsa. Ya yi doguwar waƙa a kan Caryl Chessman, fursunan da aka kashe da iskar guba a kurkukun San Quentin a watan Mayun 1960 duk da koke-koken da aka yi daga ƙasashen duniya. Inuwar bom ɗin Hiroshima kuma ba ta barin baitocinsa.

Amma in ka ce in zaɓi abu ɗaya in miƙa maka hujja, Jail Poems zan ɗauko, gajerun yankuna sama da 30 da a ƙarshensu ya rubuta cewa an yi su a ɗaki na 3 na gidan tsare mutane na birnin San Francisco a 1959. A farkonsu yana zaune yana jiran tsawa ta faɗo ta tarwatsa shi ya zama shi dubu. Daga nan sai ya juya ga waɗanda ke kulle tare da shi, mashaya da 'yan tsautsayi da waɗanda duniya ta tauna ta zubar, yana kallonsu ba tare da ƙyama ba, ba kuma tare da ɗaukar kansa ya fi su ba. Yankunan suna ta gajarcewa yayin da waƙar ke tafiya, har wasu su koma layi ɗaya tak, kamar mutumin da magana ke ƙare masa. Wannan tsari ne, an gina shi da gangan. Mutumin da aka yi wa duka jiya, yau ya zauna ya auna kalmominsa haka, ya fi ƙarfin a kira shi mai surutai.

Shi kuwa Lorca ya zama masa kamar ɗan'uwa na ruhi. Mawaƙin Sifaniyan ya zauna New York a 1929 zuwa 1930, ya yi waƙa a kan baƙaƙen unguwar Harlem, sannan 'yan kama-karya suka harbe shi kusa da Granada a 1936. Kaufman ya yi ta kiran sunansa a waƙoƙi har ƙarshen rayuwarsa. Daga wurinsa da mawaƙan Faransa ya koyi jera hotunan da hankali bai saba haɗawa ba, irin na mafarki. Wannan salo shi ne ke sa sabon mai karatu ya ce mutumin nan lafiyarsa kuwa? Makaranta ce sukutum a adabin Turai, tana da malamanta da ƙa'idojinta, shi kuma ya ɗauke ta ya zuba mata jaz da tarihin bauta.

A 1960 aka gayyace shi ya karanta waƙoƙinsa a jami'ar Harvard. Ya nufi gabas, sai New York ta riƙe shi shekara uku, kuma waɗannan shekaru su ne suka karya shi. Talauci, giya, ƙwayoyin hana barci, kamu bayan kamu. A 1963, kamar yadda matarsa da abokansa suka bayar, aka kama shi don ya taka ciyawa a dandalin Washington Square, aka kai shi kurkukun tsibirin Rikers, daga nan aka tura shi asibitin Bellevue a matsayin mai taurin kai, aka aske masa kai aka yi ta girgiza masa ƙwaƙwalwa da lantarki ba da yardarsa ba. Wanda ya koma San Francisco a ƙarshen wannan shekara ba shi ne wanda ya bar ta ba.

Ranar 22 ga Nuwamba, 1963, aka harbe Shugaba John F. Kennedy a Dallas. Kaufman ya ɗauki alwashin shiru, irin na mabiya addinin Buddha, ya riƙe shi kimanin shekara goma, har lokacin da Amurka ta janye daga yaƙin Biyetnam bayan yarjejeniyar Paris ta Janairun 1973. Ba wai bai furta ko kalma ba. Yakan gaisa, yakan roƙi taba sigari. Hira da waƙa a bainar jama'a su ne ya daina.

A nan mutane suka kasu biyu, kuma ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Wasu sun ce lantarkin Bellevue ne kawai, alwashin ƙawa ce da masoyansa suka yi wa cuta. Wasu sun ce zanga-zanga ce tsarkakakka, suna ba da labarinta kamar ta waliyyi. Ga masu magana ta farko ina da hujja. Ranar 5 ga Oktoba, 1963, kusan mako bakwai kafin kisan Kennedy, ya rubuta wa jaridar San Francisco Chronicle wasiƙa, wadda aka buga daga baya a Golden Sardine. A cikinta yana magana a kan kiɗan shiru, wanda ke tsakanin bugun ganga da bugun ganga, wanda mara bugawa ke bugawa, yana cewa shi ne ke zuwa kafin kowane bugu da bayansa, kuma shi ke danne hayaniya. Wato ya riga ya yi tunanin shirun, ya ba shi ma'ana, tun kafin ya shige shi. Ga masu magana ta biyu kuwa, ina roƙonsu su dubi yadda shekarun suka kasance: ƙananan otal-otal masu arha, yunwa, giya, yawo a titi cikin sanyi, da yaro yana girma bai san hirar mahaifinsa ba. Ba abin sha'awa ba ne, kuma ba na son ɗalibi ya karanta wannan ya ɗauka lalacewa ce ke haifar da fasaha. Mutum ne da aka ji wa rauni, ya ɗauki raunin ya mai da shi magana, a shekarun da sojan Amurka sama da 58,000 da 'yan Biyetnam miliyoyi suka mutu alhali masu mulki ba su daina jawabi ba.

Yadda ya buɗe bakin ma amsa ce ga tambayarka. A gaban jama'a, ba zato, ya karanto daga ka jawabin Thomas Becket, babban limamin cocin Canterbury da mutanen sarki suka kashe a 1170, na cikin wasan kwaikwayon da Eliot ya rubuta a kansa. Ya bi shi da sabuwar waƙarsa, All Those Ships That Never Sailed, a kan jiragen da ba su taɓa barin tasha ba, wadda a cikinta tsohon matuƙin yake cewa yau ya dawo da su ya sake su su yi tafiya. Bayan lantarki, bayan shekara goma, haddar tana nan, kuma ashe bai daina ƙulla baitoci a ciki ba.

Ya yi 'yan shekaru yana aiki, ya yi The Ancient Rain, waƙa mai kama da wahayi a kan tarihin Amurka, inda ya kira Crispus Attucks, baƙar fatar da sojan Ingila suka harbe a Boston a 1770, ya kira Lorca. A 1978 ya sake janyewa. Wani matashin edita, Raymond Foye, shi ya karɓi aikin tsintar, har ya shiga ɗakin wani otal da gobara ta ci ya fito da jakar fata da waƙoƙi a ciki. Kaufman bai taya shi ba. Abin da ya gaya masa, wanda Foye ya rubuta a gabatarwar littafin da ya haɗa daga waƙoƙin da ya tsinto, shi ne yana son ya zama wanda ba a san sunansa ba, burinsa a manta da shi kwata-kwata. Littafin ya fito a 1981. Kaufman ya mutu ranar 12 ga Janairu, 1986, da ciwon huhu mai toshe numfashi, yana da shekara 60. Mutanen North Beach suka yi masa rakiya irin ta New Orleans, da mabusa a gaba, aka watsa tokarsa a mashigin tekun San Francisco. A 1988 aka sa wa wani lungu na unguwar sunansa.

Me ya sa sunansa bai kai na Ginsberg da Kerouac ba? Wani ɓangare zaɓinsa ne, ka ji abin da ya ce. Amma ba shi ke nan ba. A 1960 Donald Allen ya fitar da kundin The New American Poetry, wanda ya zama mizanin sababbin mawaƙan Amurka a jami'o'i. Mawaƙa 44 ne a ciki, baƙar fata ɗaya tak, LeRoi Jones, wanda daga baya ya koma Amiri Baraka. Babu Kaufman. Marubutan Beat daga kiɗa da karin maganar baƙaƙen fata suka ɗebo mafi yawan abin da ya sa suka yi fice, amma wanda aka haifa cikin abin aka bar shi a waje. Da yunƙurin adabin baƙar fata ya taso daga 1965, yana neman murya mai tsawa, shi kuma yana cikin shiru. Faransawa ne suka riga kowa gane shi. Mary Beach da Claude Pélieu suka fassara shi tun shekarun 1960, aka riƙa kiransa Rimbaud baƙi na Amurka, da sunan mawaƙinsu da ya ajiye waƙa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya tafi fatauci Harar ta ƙasar Habasha. A gida kuwa sai a hankali: zaɓaɓɓun waƙoƙinsa a 1996, fim ɗin tarihinsa na Billy Woodberry a 2015, sannan cikakken kundin waƙoƙinsa daga City Lights a 2019, wanda Neeli Cherkovski da Raymond Foye da Tate Swindell suka tace.

Ba shi kaɗai ne mawaƙin titi a Amurka ba. Vachel Lindsay ya taka ƙasa da ƙafa a 1912 yana musayar baitoci da abinci da makwanci. Jack Micheline ya yi zamani da Kaufman a tituna ɗaya. Mawaƙan ƙungiyar The Last Poets sun fara a wani dandali na Harlem a 1968, gasar waƙar baka ta tashi a Chicago a shekarun 1980. Kowa da hanyarsa, amma da yawa daga masu tsayawa su karanta waƙa da baki a yau suna ɗaukarsa kakansu.

In za ka karanta shi, ɗan'uwa, kada ka fara da ido. Nemi busar Parker ka saurara tukuna har kunnenka ya saba da inda yake yanke numfashi, sannan ka ɗauki Jail Poems da Walking Parker Home ka karanta da ƙarfi, a tsaye. Idan kuma takarda za ka rubuta a kansa, ka bambanta waƙoƙin da ya rubuta da hannunsa da waɗanda aka ɗauka daga bakinsa ko daga kaset, don a kashi na biyun yankan layi da alamomin rubutu sun bi ta hannun Eileen da editoci. Kada ka gina hujja a kan waƙafi ko inda layi ya karye sai ka tabbatar daga wane kashi waƙar ta fito. Kundin 2019 yana da jadawalin tarihin rayuwarsa da zai taimake ka ka raba labarin gaskiya da na ƙarin gishiri, kuma da shi ya kamata ka fara.